Wutsiyar Ayari

Apapa, Ikko
12 ga Maris, 1968

Zuwa ga Gwaggo Turai, a Yashe.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya kamar yadda muke a nan, ina yi miki barka da Sallah. Ki gaida Baffa Modibbo da Jamilatu matar Basiru da duk mutanen gida. Ni ne Maharazu ɗan Malam Kabo na Kankiya. Na faɗi haka ne don rabonki da ganina tun ina aji biyu a makarantar Midil.

Basiru yana lafiya. Ya iso ranar 19 ga Fabrairu, aka gwada tuƙinsa ranar 21, aka ɗauke shi. Ya yi tafiya biyu ya dawo. Ya ce in gaya miki bai rame ba. Gaskiya ya rame, amma kaɗan.

Bari in bayyana miki aikin, don akwai abin da zan tambaya. Jiragen ruwa suna sauke kayan soja a nan: harsashi, shinkafa, magani, gangunan mai. Mu kuma mu loda a manyan motoci mu tura bakin daga. Daga nan zuwa Binin mil ɗari biyu ne da 'yan kai, daga Binin zuwa Asaba kamar tamanin da biyar. Mota ashirin da huɗu ke tafiya a jere. Landirobar sojoji ɗaya a gaba, ɗaya a baya, motar sulke a tsakiya. Dokar ita ce ayari ba ya tsayawa, ko me ya faru. Na gaba suna tsoron nakiya, na baya suna tsoron kwanton ɓauna. Na duba rahoton tafiya goma sha bakwai da suka wuce. Sau huɗu aka taɓa ayari, uku a wutsiya, ɗaya a kai. Ba a taɓa tsakiya ba.

Ni ba soja ba ne. Aikina shi ne buga jerin motoci a tafireta, wa zai bi wa. Basiru ya ce wai shekara goma sha shida na yi ina karatu don in koyi abin da ɗan kamasho yake yi a tashar Kankiya ba alƙalami. Na bar shi, taubashi ne.

Ƙa'ida ita ce direbobi su riƙa juyawa, yau gaba, gobe tsakiya, jibi baya. Amma babu mai duba takardar bayana, kuma na ji cewa wanda na gada yakan ajiye nasa a tsakiya. Ni ban taɓa irin wannan ba, kuma ina tsoron a ce daga fitowata jami'a na fara son kai. Shi ya sa nake tambayarki, ke da kika haife shi: in ajiye shi a tsakiya, ko in bar shi ya juya kamar kowa? Abin da kika ce shi zan yi.

Ɗanki,
Maharazu

Yashe
2 ga Afrilu, 1968

Ɗana Maharazu,

Amin alaikumus salam. Mun gode Allah da kuna lafiya. Mu ma lafiya lau, sai ƙafata da ke tashi lokaci lokaci. Jamilatu ce ke rubuta mani, ta yi ajin yaƙi da jahilci a Kusada, in ka ga karkace ka yi haƙuri. Na tuna ka sarai. Kai ne ka ƙi cin tuwona har sai da aka faɗa maka ko na dawa ne ko na gero.

Takardarka ta kwana tara a Kankiya kafin Malam Manu na makaranta ya taho da ita. A zaure ya karanta. Modibbo na nan, da liman, da mutanen da suka zo gaida Modibbo, mu muna bayan zana muna ji. Haka ya yi ta karantawa har aka kai wurin tambayarka. Modibbo ya ɗaga murya ya ce, "To Turai, ke ake tambaya."

Batun wancan, mi nawa a ciki? Ɗiyan mutane ma uwaye suka haife su. Ka sa shi inda ake sa kowa. Haka na faɗa a gabansu, liman ya ce madalla, haka kuma na sa aka rubuta.

Akuyar gidanmu ta haifi biyu. Rijiyar bakin masallaci ta janye, sai an je ta ƙasa. Zafi ya yi yawa bana.

Ɗanmaliki mai fataucin goro zai sauka Agege, na ba shi kuka da daddawa ku yi miya. Akwai laya a ciki mai jar fata, ka ba wanda ka ga shina yawan tafiya. Wannan motar ƙarfe da ka ce tana tsakiya, mota nawa take iya karewa? Tambaya ce kawai. An ce ruwa ya sauka a Kurmi. Mutum in shina da tari tun ƙuruciya, dukan ruwa bai yi mashi daɗi.

Allah shi tsare ku, shi tsare ɗiyan Musulmi duka.

Gwaggonka,
Turai

Apapa
25 ga Afrilu, 1968

Gwaggo,

Bayan gaisuwa, muna lafiya. Allah ya sauwaƙe ƙafar. Saƙo ya iso ranar 17. Daddawar ta sa maƙwabcina mutumin Ijebu ya zo tambaya ko ɓera ne ya mutu a ɗakina, daga baya kuma ya ci malmala biyu.

Kin tambayi motar sulke. Na tambayi sajan da ke cikinta. Ya ce bindigarta tana iya kare kamar huɗu a gabanta da huɗu a bayanta, in hanya miƙaƙƙiya ce. In akwai kwana, ƙasa da haka. Layar na ba Basiru, don shi kaɗai na sani mai yawan tafiya. Maganar tari kuma, ni ba na tari, alhamdu lillahi.

Amsarki ta sauke mini nauyi. Na karanta wa Basiru, yana ƙarƙashin mota yana ɗaure wani abu. Ya fito da kansa ya ce, "Inna ta ce haka?"

Na ce, "Ga shi a rubuce."

Ya ce, "A gaban wa ta faɗa?"

Na lissafa masa: Baffa, liman, Malam Manu, da baƙi. Ya yi dariya har ya buga kansa da ƙarfe. Ya ce, "Kai Akawu! Wai a Zariya ban da littafi ba su koya muku komai ba?" Na tambaye shi me ya gani na dariya. Ya ce, "Ba komai. Yi yadda takarda ta ce." Ya koma ƙarƙashin mota. Har yanzu ban gane ba, amma kin san halinsa.

Yanzu yana juyawa kamar kowa. A wannan wata ya yi kai sau ɗaya, wutsiya sau biyu, ya dawo lafiya. Ina alfahari da ke, Gwaggo. Ba kowace uwa ce za ta iya wannan magana ba.

Ɗanki,
Maharazu

Apapa
22 ga Mayu, 1968

Gwaggo,

Bayan gaisuwa, ina roƙon a karanta wannan a cikin gida, Baffa yana kusa. Ni lafiyata ƙalau. Zan faɗi abin da na sani, ba zan ƙara ba, ba zan rage ba.

Ranar Talata 14 ga Mayu ayari ya tashi daga Binin da ƙarfe bakwai na safe, mota ashirin da huɗu. Landirobar baya ta lalace a Agbo, aka bar ta da bakanike. Wajen ƙarfe biyu da kwata na rana, ana ruwa, a wani hawa bayan wata ƙaramar gada, aka buɗe wa motoci biyu na ƙarshe wuta daga cikin daji. Ayari bai tsaya ba, haka dokar take. Ashirin da biyu suka isa Asaba.

Basiru ne yake tuƙa ta ashirin da huɗu. Gangunan mai ya ɗauko.

Rahoton da ya zo teburina layi uku ne. Ya ce motocin biyu sun ƙone. Bai ce an ga direbobin ba, bai ce ba a gan su ba. Saboda haka ban ce ya rasu ba, kuma kada kowa ya ce ni na faɗa. Na duba asibitin soja na nan da na Binin ta waya, babu sunansa. An taɓa samun direba ya fito daga daji bayan kwana goma sha ɗaya. Sau ɗaya ne, amma an yi.

Kayansa suna ɗakina: akwatin ƙarfe ɗaya, tabarma, buta, da rabin kukar da kika aiko.

Duk abin da kike son sani ki tambaye ni, zan binciko.

Maharazu

Apapa
24 ga Yuni, 1968

Gwaggo,

Ina fatan kuna lafiya. Yau kwana talatin da uku da na rubuto, ban ga amsa ba. Kullum sai na je wurin mai raba wasiƙu sau biyu, har ya fara girgiza kai tun daga nesa. Babu sabon labari. In fushi kike da ni, kina da gaskiya, amma ki faɗa. Na ce ki tambaye ni komai, ba ki tambayi ko abu ɗaya ba.

Maharazu

Yashe
8 ga Yuli, 1968

Malam Maharazu,

Gaisuwa mai yawa. Wannan ba Inna ce ta sa ni ba, ni Jamilatu ce da kaina, ba ta ma sani ba. Jikinmu lafiya. Takardunka biyu sun iso.

Inna ba fushi take ba. Ka ce ta tambaye ka. Ta yaya za ta tambaya? Ɗan fari ne. Tun da aka kawo ni gidan nan ban taɓa jin sunanshi a bakinta ba, ko cikin mutane ba ta duban inda yake. Ranar da aka karanta takardarka ta Mayu, tashi ta yi ta ɗauki taɓarya ta hau dakan geron da ba wanda ya ce a daka, har tafin hannunta ya fashe. Mata in sun zo jaje sai ta ce, "Ku je wurin Modibbo, ai ɗanshi ne." Amma in mota ta wuce ta hanyar Kusada sai ta bar abin da take yi har ƙarar ta ɓace.

Liman ya ce takardarka ba ta kashe ba, ba ta raya ba. Ba a yi sadakar uku ba, ba a yi ta bakwai ba, arba'in ta zo ta wuce. Ni ban shiga takaba ba, kuma ban san ko ya halatta in yi kitso ba. Wasu na ce mani sannu, wasu na ce mani Allah shi kawo shi lafiya, duka sai in ce amin. Gonar maigidana ta hanyar Mawashi an yi mata gayya an nome, gero ya kai gwiwa, kowa na aiki ba mai faɗin gonar wa ce.

Kai ne mai ilimi, amma mu magana ɗaya muke so. In shina raye ka ce. In ba haka ba, ka ce. Don Allah kada ka ƙara aiko mana ƙarfe nawa da mil nawa.

Jamilatu

Binin
6 ga Agusta, 1968

Gwaggo, da Jamilatu,

Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya.

Basiru ya rasu. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ya rasu ranar Talata 14 ga Mayu, tsakiyar watan Safar. Na ga kabarinsa da idona, kuma akwai shaidu biyu. Allah ya jiƙansa, ya ba mu haƙuri.

Da wasiƙar Jamilatu ta iso na nemi izini na bi ayari da kaina. A mota ta ƙarshe na zauna. A Agbo na sami Saja Bubayero, mutumin Adamawa, wanda Landirobarsa ta lalace ranar. Shi ya koma wurin washegari da sojoji shida. Ya ce ɗaya direban a cikin mota suka same shi. Basiru kuwa ya fita, a gindin wata kwakwa suka tarar da shi, wuta ba ta taɓa shi ba, harsashi ne. Suka yi musu wanka da ruwan rafin, suka sallace su su bakwai, suka binne su fuska ga alƙibla. Wani kofur mutumin Daura da yake cikinsu ya faɗa mini haka daban, bakinsu ya zo ɗaya.

Na ce, "Saja, me ya sa ba a rubuta ba?"

Ya ce, "Akawu, mu haƙa muka yi. Ku ne masu rubutu."

Ya buɗe jakarsa ya ba ni lasin tuƙinsa da laya mai jar fata. Sun kafa wani ƙarfen ƙafar mota a kan kabarin don shaida, babu rubutu a jiki. Ina aiko layar da akwatinsa ta hannun Ɗanmaliki. Lissafin takaba na bar wa liman, ni ba ni da ilimin yanke wannan.

Saura abin da ban faɗa ba. A wasiƙar Mayu na ce ba zan rage ba, kuma na rage.

Ranar ba juyinsa ba ne. A jerin da na buga ranar Asabar 11 ga wata, lambarsa goma sha ɗaya ce, kusa da motar sulke. Da na manna takardar, wani dattijon direba Mamuda ya ga an sa shi na ƙarshe. Ya ce da ƙarfi, a gaban mutum kusan talatin, "Ai ɗan'uwan akawu ba ya shaƙar hayaƙin baya." Ba gaskiya ba ne. Littafin juyi yana hammatata, da na buɗe na nuna musu wutsiya biyu da ya yi a Afrilu, da magana ta mutu a nan. Amma kunya ta rufe ni. Na ciro jan fensir na soke sunayen biyu na musanya su. Har na juya na faɗa musu abin da uwarsa ta ce, ina jin daɗin bakina.

Basiru ya dube ni ya ce, "Akawu, fensirin nan naka ya fi sitiyarina nauyi. Ajiye mini sauran kukata, kada ka cinye." Maganarmu ta ƙarshe ke nan.

Mamuda yana nan da ransa. Kullum da safe sai ya zo ya durƙusa ya gaishe ni, dattijo sa'an babana, ba ya ɗaga kai. Ban ga laifinsa ba.

Na ba Saja wannan labari a bakin kabarin, har da maganarki, ina so in nuna masa ba ni kaɗai na yanke ba. Ya ce, "Na nawa ne a wurinta?" Na ce na fari. Ya ce, "Kuma ka tambaye ta a takarda?" Sai ya juya ya tafi wajen mota.

Na sake karanta wasiƙarki ta Afrilu. Laya. Mota nawa motar sulke take karewa. Mai tari tun ƙuruciya. Sau uku kika ba ni amsa, Gwaggo, ni kuwa na tsaya ina auna miki tsawon bindiga. Tun ina shekara bakwai nake makarantar kwana, amma wannan ba uzuri ba ne. A Kankiya aka yanke cibiyata, kuma ni ma uwata ba ta taɓa kiran yayana da suna ba.

Ba na roƙon ki yafe. Ina so dai ki san hannun da ya yi.

Maharazu

Yashe
22 ga Agusta, 1968

Maharazu,

Mun amsa gaisuwa. Muna nan yadda Allah ya so. Akwati ya iso, da layar. Jamilatu ta shiga takaba, liman ya lissafa mata abin da ya saura. Gobe Juma'a za a yi sadaka. Wannan takardar a ɗaki aka karanta ta, mu biyu. Abin da ya kamata Modibbo da liman su ji na faɗa masu, na jan fensir ban faɗa ba, kai ma kada ka faɗa.

Ka yi wauta da ka tambaye ni. Wace uwa ce za ta buɗe baki gaban liman ta ce a tsare mata ɗan fari, a tura na wasu? Na faɗi abin da ake faɗi. Kai ya kamata ka yi abin da ba a faɗi ba, ka yi shiru, ni ma in yi kamar ban sani ba. Haka ake yi.

Amma tun da ka buɗe naka, ga nawa. Ranar da aka rubuta maka amsa, mutane sun watse, daga ni sai yarinyar nan a ɗaki. Ta gama rubutu ta riƙe alƙalami ta ce, "Inna, ba ƙari?" Ta sake cewa, "Inna, akwai wuri a ƙasa." Na dubi wurin, fari, ya isa kalma huɗu. Na ji kunyar surukata. Na ce ba ƙari, ninke.

Ka ce ba ka roƙon yafiya. Gara da ba ka roƙa ba, don ban san wa zan fara yafe ma ba, ni ko kai. Kwanan mutum in ya ƙare ya ƙare, na sani. Zuciya ce ba ta gama ji ba. In ka samu hutu ka taho, geronshi ya yi kai, ka ci tuwonshi. Ka ce ma dattijon nan ya daina durƙuso, shi ma uwa ta haife shi.

Abu ɗaya nake so. Ka ce babu rubutu a jikin ƙarfen. In ka sake bin hanyar, ka nemi fenti ka rubuta, don mai wucewa ya san Musulmi ne kwance a dajin mutane, ya yi mashi addu'a. Kada ka rubuta lambar mota. Suna za ka rubuta. Shekara talatin da ɗaya ban faɗe shi ba, yanzu kuma ba wanda zai juyo in na kira.

Basiru. Basiru ɗan Turai.

Gwaggonka

Malam, ni ce Jamilatu. Sau biyu ta faɗa, sau biyu na rubuta. Ni ma yau na fara rubuta shi. Ka kwafa yadda yake.